Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi: Gwanayena Biyar A Kiɗan Simfoni

A wannan mako za mu ɗan ajiye maganar jarrabawa, mu taɓa wani abu da na san da yawanku za su ce, "Haba Yaya, ina ruwan ɗan Batsari ko 'yar Safana da wannan?" Maganar kiɗan simfoni ce, da mutum biyar da suka fi kwanta mini a rai cikin masu tsara shi. Ku ara mini hankalinku, kafin mu kai ƙarshe za ku ga inda ruwanmu yake.

Mene ne simfoni?

Kun riga kun san irin amonsa. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a daren gasar zakarun Turai ya ji taken da ake sakawa idan 'yan wasa suka jeru. Haka ma kiɗan da ke tashi a fim ɗin Indiya ko na Amurka idan abin tausayi ya faru. Masu yin irin wannan kiɗa taron makaɗa ne, daga mutum 60 har zuwa 100, ana kiran su okestira.

Kayan kiɗansu gida huɗu ne. Akwai masu tsarkiya, wato biyolin da yayyenta, dangin gogenmu da kukuma. Akwai na busa da ake yi da itace, irin su sarewa da obo, wanda ɗan uwan algaita ne don bakin busarsu iri ɗaya ne. Akwai na busa na tagulla, ƙaho da begila, dangin kakaki. Sai ganguna, babbarsu ana ce mata timfani, ta yi kama da tambarin fadar sarki. Mutum guda yana tsaye a gaba da ɗan tsinke a hannu, shi ne madugu, kowa shi yake kallo.

Simfoni dogon kiɗa ne da aka tsara wa wannan taro. Yawanci babu waƙa a cikinsa ko kalma ɗaya, kuma akan kasa shi zango huɗu, daga minti 30 zuwa sama da awa guda. Ga inda ya bambanta da namu: marigayi Mamman Shata, mutumin Musawa, shi ke ƙirƙira shi ke rerawa, masu kalangu da 'yan amshi suna biye, nan take yake ɗora baiti. Shi kuwa mai tsara simfoni zama yake yi a ɗaki ya rubuta abin da kowane makaɗi zai yi, da wasu alamomi na musamman a takarda. Shi ya sa ake iya buga kiɗan daidai ko bayan shekara 100 da mutuwarsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gwanayen nawa sun yi aikinsu ne tsakanin wajen 1890 da 1960. Masana suna kiran farkon wannan lokaci ƙarshen zamanin romantik, lokacin da aka fi ba motsin zuciya muhimmanci a kiɗa. Abin da ya biyo baya kuma suna ce masa kiɗan zamani.

Dvorak, ɗan mahauci

Na farko shi ne Antonin Dvorak, ana furta sunan kamar Dibojak. An haife shi a 1841 a wani ƙauye kusa da birnin Prag, a ƙasar da yanzu ake kira Cek. Mahaifinsa mahauci ne, don haka da a Ruma aka haife shi, da kalangu ne kiɗan gidansu. Har ya tsufa bai bar halin ƙauye ba. Yana kiwon tantabaru, kuma yana son zuwa tasha kallon jirgin ƙasa.

A 1892 aka ɗauke shi aiki a birnin New York ya shugabanci wata makarantar kiɗa. A can wani ɗalibi baƙar fata mai suna Harry Burleigh ya riƙa rera masa waƙoƙin da bayi suka bari, waɗanda ya koya wajen kakansa. Dvorak ya fito a jarida ya nuna cewa in Amurka tana son kiɗa nata na kanta, to a kan waɗannan waƙoƙi ya kamata ta gina shi. A lokacin ba a cika shekara 30 da hana bauta a ƙasar ba, don haka maganar ba ta yi wa mutane da yawa daɗi ba.

An fara buga simfoninsa ta 9 a New York ranar 16 ga Disamba, 1893. Zango na biyu ne abin ƙaunata. Masu ƙaho suna buɗewa ƙasa-ƙasa, sai wani babban obo ya shigo shi kaɗai da kari mai sauƙi wanda ko yaro zai iya bi da fito. Kusa da ƙarshe karin yana dawowa, sai ya riƙa yankewa a tsakiya, kamar mai magana da kuka ya shaƙe shi. Duk ɗan makarantar kwana da ya taɓa kwanciya a daren farko na zangon karatu yana tunanin tuwon gidansu zai gane wannan wuri. Haka duk wanda aka kai shi zama wajen dangi a Katsina ko Dutsin-Ma saboda ƙauyensu ya tashi. Shi kansa Dvorak kewa ta cinye shi, a 1895 ya tattara ya koma gida.

Florence Price, wadda aka kusa mantawa

'Yan mata, wannan taku ce. An haifi Florence Price a 1887 a garin Little Rock na kudancin Amurka. Baƙar fata ce, kuma a 1927 ita da iyalinta suka yi ƙaura zuwa Chicago saboda tashin hankalin wariyar launin fata ya yi tsanani a garinsu. A can ta rubuta simfoninta ta farko, ta ci gasa da ita a 1932, sannan a watan Yuni na 1933 babbar okestirar Chicago ta buga ta. Ita ce mace baƙar fata ta farko da wata babbar okestira a Amurka ta buga simfoninta.

Abin da Dvorak ya faɗa shekara 40 kafin nan, ita ta aikata shi, kuma da kayan gidansu. Zango na uku ta gina shi a kan rawar juba, wadda bayi ke yi da tafi da bugun ƙirji da cinya a wuraren da aka hana su ganga. In kika saurara za ki ji tsallen gaɗa a ciki, irin na dandali a daren farin wata.

Ta rasu a 1953, aka yi shiru da sunanta. Sai a 2009 wasu da suka sayi wani kangon gida a jihar Illinois suka tarar da tarin takardu a ciki, ashe rubutun kiɗanta ne, har da simfoninta ta 4. Da ruwan sama ko wuta sun riga su, shi ke nan. A 2022 faifan simfoninta biyu da okestirar Philadelphia ta buga ya ci kyautar Grammy.

Sibelius, mutumin daji

Jean Sibelius ɗan ƙasar Finlan ne, can arewacin Turai, ƙasar tafkuna da dazuzzuka da sanyi mai tsanani. An haife shi a 1865, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin sarkin Rasha. A 1899 masu mulki suka matsa wa jaridu, shi kuma ya tsara wani gajeren kiɗa da daga baya aka sa wa suna Finlandia. Babu kalma ko ɗaya a cikinsa, amma duk ɗan ƙasar ya gane abin da yake faɗa, har ta kai wani lokaci sai an sauya masa suna kafin a buga shi don kauce wa hukuma. Finlan ta sami 'yancinta a 1917.

Ni dai simfoninsa ta 5 ta fi burge ni. Ranar 21 ga Afrilu, 1915, ya ga wasu manyan fararen tsuntsayen ruwa guda 16, masu dogon wuya, dangin dinya, suna shawagi a saman gidansa. A wajensu dawowar waɗannan tsuntsaye alama ce ta ƙarewar hunturu, kamar yadda zuwan shamuwa ke gaya mana damina ta ƙarato. Daga nan ya samo karin da masu ƙaho ke busawa a zango na ƙarshe, yana lilo sama da ƙasa kamar bugun fiffike. Kiɗan yana ƙarewa da bugu shida masu ƙarfi, da dogon shiru a tsakaninsu, har wanda bai sani ba yakan fara tafi kafin a gama.

Bai gamsu da ita ba a karon farko. An buga ta a 1915 ranar da ya cika shekara 50, ya karɓe ya gyara a 1916, ya sake gyarawa har 1919. Ku tuna da wannan ranar da malamin Turanci ya ce a sake rubuta insha'i.

Dalilin da ya sa nake son sa ya shafi dajin Rugu. Mu da muka taso a 'yan shekarun nan, sunan daji tsoro ne a kunnenmu. Amma ku tambayi iyayenmu a Runka ko Wagini, za su ba ku labarin lokacin da daji ke nufin kiwo, da zuma, da ɗinya da kanya, da sarewar makiyayi da yamma. Sibelius yana sa ni in ji daji a matsayin wurin da mutum ke zuwa hankalinsa ya kwanta, in kuma yi fatan ƙannenmu su san Rugu a haka.

Shostakovich, kiɗa a garin da aka kewaye

In aka ce in zaɓi ɗaya tak, wannan zan ɗauka. An haifi Dmitri Shostakovich a 1906 a birnin da daga baya aka kira Leningrad, wanda yanzu ya koma sunansa na da, Saint Petersburg, a Rasha. Ya san tsoro tun kafin yaƙi. A 1936 jaridar gwamnatin Stalin ta yi kaca-kaca da wani aikinsa, a lokacin da irin wannan suka kan kai mutum kurkuku ko kabari.

A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus suka kewaye Leningrad daga 8 ga Satumba, 1941 har 27 ga Janairu, 1944, kwana 872 ke nan. Abinci ya yanke. A ƙarshen 1941 rabon yaro a rana bai wuce giram 125 na burodi ba, abin da bai cika tafin hannu ba. Dubban ɗaruruwan mutane suka mutu da yunwa da sanyi. Shostakovich yana cikin masu gadin rufin makarantar kiɗa don kashe gobarar bama-bamai, kuma a cikin garin ya rubuta mafi yawan simfoninsa ta 7, kafin a fitar da shi ya ƙarasa ta a watan Disamba.

Sai hukumomi suka ce lallai a buga ta a cikin Leningrad ɗin kanta. Kiɗan yana buƙatar makaɗa kusan 100, amma a okestirar gidan rediyon garin waɗanda suka rage da ƙarfin ɗaga kayan kiɗa ba su wuce 15 ba. Gwajin farko bai daɗe ba aka tashi, don masu busa ba su da numfashi. Madugun, Karl Eliasberg, ya bi gida-gida yana neman makaɗa, aka kawo sojojin da suka iya kiɗa daga bakin daga, aka ƙara musu ɗan abinci. Wasu sun mutu ana cikin shiri. Ranar 9 ga Agusta, 1942 aka buga ta, zauren ya cika, aka kuma sa lasifika a tituna har da masu fuskantar sansanin abokan gaba.

Ku saurari tsakiyar zango na farko. Wata 'yar ganga irin ta badujala tana farawa can nesa, da kyar ake jin ta, tare da wani ɗan kari mai kama da wasan yara. Ana maimaita shi fiye da sau goma, kowane karo yana ƙara ƙarfi da muni, har ya danne komai. Ban taɓa jin wanda ya kwatanta yadda masifa ke shigowa gari kamar haka ba. Tana farawa da ɗan labarin da aka ji a kasuwa, ana dariya, kafin a farga ta iso ƙofa.

Halinmu da na Leningrad ba ɗaya ba ne, Allah Ya kiyaye. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne mutanen da yunwa ta kusa kashewa sun ga ya dace su tashi su yi aikin da suka iya, don kada a ce garinsu ya mutu. Yarinyar da ke ɗaura hijabinta ta kama hanyar makaranta a Zakka, da malamin da ke shiga aji da alli bayan daren da ba a runtsa ba, irin wannan aikin suke yi.

Sowande, namu na gida

Kada ku ce duk baƙi ne. Fela Sowande ɗan Najeriya ne, an haife shi a Abeokuta a 1905. Kada a haɗa shi da Fela Kuti, sunan da garin asali kawai suka haɗa. Ya tafi Landan a 1934, ya yi suna wajen kaɗa ogan a coci da kuma kiɗan jaz. A 1944, ana tsakiyar yaƙi, ya tsara African Suite, kiɗa mai zango biyar na masu tsarkiya, wanda ya gina a kan kare-karen Afirka ta Yamma. Zango na biyu kewar gida ce zalla, na ƙarshe kuma, mai suna Akinla, rawa ce da ba ta barin ƙafa ta zauna lafiya. A 1953 ya dawo gida ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon ƙasa, ya duƙufa wajen nazari da tattara kiɗan gargajiya, sannan ya tsara Folk Symphony don bikin 'yancin kai na 1960. Ya rasu a Amurka a 1987.

Akwai na shida da ke bakin ƙofa, Gustav Mahler, wanda ya sa ƙararrawar wuyan shanu a simfoninsa ta 6. Aikinsa yana da tsawo da nauyi, sai kunne ya saba. Za mu ware masa mako na musamman.

To, ina ruwanmu?

Ku duba su biyar ɗin. Ɗan mahauci, baƙar fata 'yar Amurka, mutumin daji, ɗan garin da aka kewaye, da Bayaraben da ke kewar gida a Landan. Kayan kiɗan iri ɗaya suka yi amfani da su, amma kowane tsuntsu kukan gidansu ya yi, kuma abin da ya sa duniya ta saurare su ke nan. Babu wanda ya raina abin da ya ji a bakin kakarsa.

Mu ma muna da kaya. Gangar noma a wajen gayya, dundufar maƙera, garayar mafarauta, shantu da kiɗan ƙwarya na mata, waƙar daka da ta niƙa, gaɗar 'yan mata. Matsalar ita ce namu a ƙwaƙwalwa da hannu yake zaune, ba a takarda ba. Florence Price ta dawo bayan fiye da shekara 50 saboda an tsinci rubutunta. Tsohon makaɗin da ƙauyensu ya watse, ya koma gari yana sayar da rake, in ya rasu ba abin da za a tsinta a ɗakinsa. A wurare da yawa na yankinmu an daina fita dandali da dare, gayya ta ragu, inji ya karɓe niƙa. Akwai waƙoƙin da a yau mutum biyu ko uku kacal suka rage da su.

Ga aikin da nake roƙonku a hutun nan. Ku zauna da kaka, ko inna, ko wani dattijo makaɗi a unguwarku. Ku gaishe su yadda ya kamata, ku nemi izini, ku ɗauki muryarsu da waya. Ku rubuta a littafi sunan waƙar, garin da ta fito, lokacin da ake yin ta, da ranar da kuka ɗauka. Ku kai wa malamin Hausa kofi ɗaya, ku ajiye ɗaya. Kada kowa ya kama hanyar da ba ta da tsaro saboda wannan aiki, na cikin gida da na maƙwabta sun isa. Wa ya sani, ko a cikinku akwai wanda wata rana zai koyi rubutun kiɗa ya zaunar da mutum 80 su buga karin da ya ji a bakin kakarsa a Batsari.

Yadda za ka fara sauraro

Ba sai ka san Turanci ba. Ka shiga YouTube ka rubuta sunan mutumin da lambar simfonin, misali Dvorak 9, Sibelius 5 ko Shostakovich 7. Ka zaɓi bidiyon da ake nuna makaɗan, don ganin wanda ke busa da wanda ke goga yana taimaka wa kunne.

Kada ka ɗauki duka a zama ɗaya. Fara da zango na biyu na Dvorak, wajen minti 12 ne. Ka ji shi sau uku a kwana uku. Ranar farko zai iya gundurar ka, wannan ba komai ba ne. A ji na uku za ka tarar kana jiran wasu wurare kafin su zo.

In ka sami data ko ka shiga gari, ka sauke shi a memori, ku tura wa juna. Yayyenku za su tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Batsari da Safana. Abin da ke cikin memori shi ya rage wa mutane a watannin.

Kada ka toshe kunne biyu da iyafis da dare, ka bar ɗaya yana jin abin da gida ke ciki. Kada kuma ya shiga lokacin salla ko na bitar karatu. In a gidanku ba a yarda da sauraron kiɗa ba, maganar iyaye ce a gaba, tarihin mutanen nan ma ya isa abin karantawa.

Wanda ya saurara ya rubuto mana ta hannun editan wannan shafi, ya gaya mana wanne ya fi so cikin biyar ɗin, da abin da ya gani a zuciyarsa lokacin da yake ji. Wanda kuma ya ɗauko waƙar kaka ya turo mana sunanta da garin da ta fito, za mu jera su a nan. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya zaunar da yankinmu lafiya.